Waken Indiya a Gidan Dillalin Shanu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kuku a gidan wani Ba'indiye mai shigo da atamfa a Ganhi, cikin birnin Kwatano, kuma a duk tsawon shekarun nan ko fiffiken kaza bai taɓa shiga kicin ɗin gidan ba. Ba su cin nama, ba su cin kifi, ƙwai ma ba a kawo shi. Uwargidan, wadda duk ma'aikata ke ce wa Madam, ita ta koya mini girkinsu da hannunta, ranar da ta ga dama da fara'a, ranar da ba ta ga dama ba da tsawa.

Ni kuwa ɗan dillalin shanu ne. Baba tun yana saurayi ya gangaro daga arewa da ƙafa, yana bin bayan garken wani, ya zo Kwatano ya zauna a Zongo, ya auri Inna, wadda kakanninta na cikin waɗanda suka fara kafa unguwar. A gidanmu idan miya ba nama, ba a cewa an yi girki, sai a ce an dai ɗora tukunya. Mu biyu ne maza. Yaya ya bi Baba kara, kasuwar shanu, tun yana ƙarami, ya iya kallon sa ya faɗi nauyinsa kafin mai shi ya buɗe baki. Ni an kai ni sau uku, sau ukun ina tsaye can gefe ina toshe hanci, sai Baba ya ce a bar ni na je lakwal ko zan zama wani abu. Na yi karatun daidai gwargwado, na iya Faransanci, amma aikin biro, wato ofis, bai samu ba, sai na kicin.

Baba bai hana ni ba, bai kuma taɓa tambayata yadda aikin yake ba. Idan abokansa suka ce, "Alhaji, ina ƙaramin yake yanzu?" sai ya ce, "Yana Ganhi," ya yi shiru. Ganhi kuwa unguwar bankuna ce da manyan ofisoshi, kowa sai ya ɗauka akawu ne ni. Ya bar su a haka, ni ma na bar su.

Kwana kaɗan bayan ƙaramar sallah ya faɗi a ƙofar masallaci, ana fitowa daga Juma'a. Tun cikin azumi ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga, yana cewa tsayuwar tarawihi ce. Yaya yana kara, wayarsa ba ta shiga, sai aka kira ni. Na cire rigar aiki na tare zemijan, ɗan acaɓa ke nan, na iske an riga an kwantar da shi a asibiti. Ya kwana shida a can.

Ranar da za a sallame shi likitar ta zo, wata mace mai tabarau, ba ta jin Hausa, Baba kuma Faransancinsa bai wuce na lissafin kai da kai na shanu ba. Ni na tsaya a tsakani. Ta ce hawan jini ne, kuma zuciyarsa ta gaji. Ta ce zai sha magani kullum, ya bar gishiri, ya bar kitse, jan nama kuwa ya yi sallama da shi. Na tsaya ina neman yadda zan sassauta maganar, sai Baba ya ce, "Faɗi mana. Me ta ce?"

Na ce, "Baba, ta ce nama ya ƙare."

Ya dube ni tun daga kai har ƙafa, bai dubi likitar ba ko sau ɗaya. Ya ce, "Ita ta ce, ko kai ka ce?"

Na rantse masa ita ta ce. Ya juya fuska bango. A lokacin ban ɗauki tambayar da nauyi ba, na zaci ciwo ne ke magana.

Da muka koma gida Inna ta yi iya yinta. Ta dafa shinkafa fara da alayyafo ba gishiri, ta yi miyar kuɓewa da ba komai a ciki sai ruwa da albasa, ta dama kunu. Ya kan ɗanɗana loma ɗaya ya ture kwanon da bayan hannu. Cikin mako biyu wuyansa ya zama kamar ba nasa ba, babbar riga ta koma tana rataye a kafaɗunsa. Wata ranar Juma'a da yamma na dawo daga aiki na iske Inna zaune a ƙofar madafa, kwanon da ya mayar yana gabanta, ƙudaje na bi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Kai da ka shekara goma kana ciyar da mutanen da ba su cin nama, ba su mutu ba, ba abin da za ka yi wa ubanka?"

Wannan ne karo na farko da wani a gidan ya yi maganar aikina kamar abu mai amfani. Na ce akwai.

Akwai wani abinci da Madam kan sa na yi idan 'ya'yanta sun zo hutu daga turai. Ba na ƙasarsu ba ne, yaran ne suka zo da shi, ita kuma ta gyara shi yadda ya dace da gidanta. Miya ce mai kauri ta wake da kayan lambu, a zuba a kwano mai zurfi, a rufe bakin da kwaɓin fulawa, a gasa har saman ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras. Waken ba irin namu ba ne, ya fi kama da gurjiya, yana da ɗan tsini kamar bakin tsuntsu. A shagunan Ganhi fuwa-shish suke ce masa. Inna da ta gan shi ta juya shi a tafin hannu ta ce, "Waken Indiya ke nan?" Sunan da ya bi shi ke nan a gidanmu.

Ranar Asabar na sayo shi a hanyar dawowa, na jiƙa a babbar robar Inna. Lahadi ce ranar hutuna. Bayan asuba na tafi kasuwar Dantokpa, damina ce, ruwa ya kwanta a lungunan Zongo, sai da na naɗe wando har gwiwa kafin na kai bakin titi. Na zaɓo karas, dankalin turawa, koren wake, albasa manya, tafarnuwa, ɗanyar citta, da busasshiyar kwakwa guda biyu da na kaɗa a kunne na ji ruwansu.

Da na dawo waken ya kumbura ya ninka. Na ɗora shi a kurfoti, gawayi na ci a hankali. Inna ta miƙo kanwa don ya yi saurin nuna, na ce a'a, likita ta hana duk wani abu mai gishiri, zai nuna da kansa. Ya ɗauki fiye da awa ɗaya. Kafin nan na fasa kwakwar, na goge ta, na zuba ruwan ɗumi na matse ta a tsumma mai tsabta, madarar ta fito fara sol. Na yanka albasa siriri na sa a mai cokali biyu kacal, na rage wuta, na tsaya a kanta ina juyawa har ta yi laushi ta koma launin zuma. Wannan Madam ta koya mini: idan ba nama a tukunya, albasa ce ke ɗaukar nauyin, kuma ba a yi mata gaggawa. Sannan tafarnuwa da citta, sannan karas da dankali da na yanka ƙanana daidai bakin tsoho, koren wake daga baya don kada ya narke. Na barbaɗa fulawa cokali ɗaya, na juya, na tsiyaya madarar kwakwa kaɗan-kaɗan. Waken na raba uku, kashi ɗaya na daka a turmi ya zama kamar ƙullu don ya ɗaure miyar, kashi biyu na zuba yadda suke.

Na ɗanɗana. Da a gidan Madam ne ya yi, amma na san harshen Baba. Na ce, "Inna, ba ni daddawa." Ta ce, "A abincin Indiya?" Na ce ta dai ba ni. Na wanke ta sosai, na daka da masoro da ɗan attaruhu guda, na zuba. Ƙamshin da ya tashi sai ya zama na gidanmu. Inna ta sa ludayi ta lasa, ta sake lasa. Na ga ta gyara zama.

Kwaɓin ne ya ba ni wahala. A Ganhi da bota nake yi, a ɗaki mai sanyi, a kan tebur na dutse. A nan mai na sa kaɗan, na murza da kan yatsu har fulawar ta zama kamar tsaki, na yayyafa ruwan randa. Iskar Kwatano a damina jiƙe take, kwaɓin sai mannewa yake a hannu. Ba abin murzawa, sai na wanke kwalbar lemo na murza da ita a bayan faranti. Na juye miyar a kwanon samira, na jira ta huce, na shimfiɗa kwaɓin a kai, na danne bakin da yatsa kewaye, na tsaga wuri uku da wuƙa don tururi ya fita. Tanda kuma babu. Na ɗauko tukunyar da ake dafa shinkafar suna, na zuba yashi a ƙasa, na jera duwatsu uku, na ɗora kwanon a kai, na rufe, na kwashi garwashi na zuba a kan murfin. Wuta sama, wuta ƙasa. Na tsuguna a gefe ina fifita, hayaƙi na shiga mini ido.

Da na buɗe, saman ya yi ja, ya ɗan taso a tsakiya, miyar na tsattsafowa ta tsagogin. Na ɗauko tsumma zan kai masa, sai Inna ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Tsaya. Idan ya san kai ne, ba zai ci ba."

Na ce, "To ki ce ke ce."

Ta ce, "Shekara arba'in yana cin hannuna, ya san shi."

Matar Yaya tana shanya a tsakar gida, mace mai sanyin hali, ba ruwanta da kowa. Inna ta kira ta, ta ɗora kwanon a faifai ta sa mata a hannu ta ce ta kai wa Alhaji. Ni na zagaya ta bayan ɗakinsa na tsaya jikin taga, inda tulun alwala yake.

Na ji ƙarar cokali ya fasa ɓawon. Sai na ji cokalin yana bugun kwano, yana sake bugawa, bai tsaya ba. Can ya ce, "Wa ya yi wannan?" Inna ta ce, "Matar babban ce." Ya ce, "Ke? Ashe kina da wannan hannun kika bar ni ina shan ruwan ganye?" Ban ji amsarta ba, ina jin sunkuyar da kai ta yi. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka. Allah ya ba ki masu yi miki. Yau na san na ci abinci." Ya yi ta jero addu'a, tana cewa amin can ƙasa-ƙasa. Ina tsaye a bayan taga, hannuna duk toka, ban sani ba ko ni ma na ce amin.

Kwanon ya fito an suɗe shi. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, ai cin ne ake nema.

Lahadi biyar muka yi a haka. Nakan yi da yawa, a raba miyar, Inna ta riƙa ɗuma masa da shinkafa cikin mako, mai murfin kuma sai Lahadi. Ya fara tambaya tun Asabar ko gobe akwai. Kumburin ƙafar ya sauka, takalminsa ya shiga, ya fara zama a kujera a ƙofar ɗaki yana sauraren rediyo. A Lahadi ta uku ya aika aka sayo turmin atamfa mai tsada ya ba matar Yaya a gaban kowa. Da yamma ta same ni a madafa ina wanke tukunya, ta ajiye turmin a kan turmin daka ta ce, "Wannan naka ne, ni ban yi komai ba." Na ce, "Me zan yi da atamfa? Ɗauki abinki." Ta ɗauka. Ban ji haushinta ba a ranar. Na Yaya na ji, wanda ya san komai, amma idan Baba ya yabi matarsa sai ya yi murmushi ya shafa gemu.

A Lahadi ta shida ƙarfi ya dawo wa Baba har ya ga zai iya zagaya gidansa. Ba wanda ya zata. Ina tsugune a ƙofar madafa, fulawa har gwiwar hannu, ina murza kwaɓi da kwalba, sai inuwa ta rufe farantin. Na ɗago. Yana tsaye da sandarsa, yana kallon hannuna, ya kalli robar wake, ya kalli tukunyar yashi. Matar Yaya tana can bakin famfo tana wa ɗanta wanka, ko kusa da wuta ba ta zo ba. Na ce, "Baba, ina kwana." Ya juya a hankali ya koma ɗaki.

Inna ta ce na ƙarasa, wataƙila ba komai. Na ƙarasa. Na ce yau ni zan kai da kaina, tunda ya gani. Na yi sallama na durƙusa na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallon kwanon, tururi na fita ta tsagogin.

Ya ce, "Abincin gidan ubangidanka ne wannan?"

Na ce, "A can na koya, Baba, amma daddawarmu ce a ciki, da..."

Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Shekara hamsin ina sayar da shanu a garin nan. Ba gidan da naman hannuna bai shiga ba. Yau a ɗakina, ɗana ya haɗa kai da uwarsa suna ba ni abincin mutanen da suka haramta wa kansu abin da Allah ya halatta. Kai ka ce nama ya ƙare, kai kuma ka kawo abin da zai maye shi. Ka mai da kanka bawan kicin, bai ishe ka ba, sai ka mai da ni ɗan gidansu."

Na ce, "Baba, ƙafarka ta sauka. Ka ga takalminka."

Ya ce, "Ɗauke."

Na ɗauke. Ɓawon ko tsagewa bai yi ba. Na kai madafa na ajiye, Inna ta zauna a kan kujerar tsuguno tana kallonsa, ba wanda ya taɓa shi har ya huce. Da la'asar ta ba maƙwabta.

Washegari da yamma Yaya ya shigo da ƙunshi a takarda, mai ya jiƙa ta har ta zama kamar gilashi. Tun daga zaure na ji ƙamshin balangu da yaji. Ya wuce kai tsaye ɗakin Baba. Na jira shi ya fito, na bi shi waje, na tare shi a bakin kwata.

Na ce, "Yaya, ka san abin da likita ta ce."

Ya ce, "Na san abin da ka ce ta ce."

Na ce, "Mu je tare gobe ka ji da kunnenka, ka zo da wanda ka yarda da shi ya fassara maka."

Ya yi ɗan tsaki, ba na faɗa ba, na gajiya. Ya ce, "Ba sai na je ba, na yarda. Amma kai ba ka san mutumin nan ba. Ni na yi shekara ashirin a bayansa a kara. Ka taɓa ganin yadda yake tsayawa a gaban bijimi? Jiya kuka ya yi, ka sani? Bayan ka fita. Ba don waken ba, don an mai da shi yaro a gidansa, ana yi masa dabara. Kwanansa na hannun Allah. Idan saura kaɗan, ya yi su yana mutumin da yake. Kai so kake ya daɗe, ko da a matsayin akuya ne."

Har yau idan na tuna, nakan shirya amsoshi masu kyau, amma a bakin kwatar nan ba ko ɗaya da ta zo mini. Na ce kawai, "Za ka kashe shi." Ya ce, "Allah ke kashewa," ya shiga gida.

Kullum da yamma ƙunshin na zuwa. Maganin ma Baba ya fara tsallakewa, ya ce yana sa shi yawan fitsari. Na daina shiga ɗakinsa sai gaisuwar safe, ita ma da kai yake amsawa. Babbar sallah ta zo, Yaya ya kawo rago wanda sai da mutum biyu suka riƙe shi. Baba ya sa aka fito masa da kujera tsakar gida, ya zauna yana ba da umarni yadda za a feɗe, muryarsa ta dawo kamar ta da. Ya ci hanta da zafinta, ya ci soyayye, ya sha romo. Na gan shi yana dariya da haƙoransa duka, rabon da na ga haka tun kafin azumi. Wannan ma ba zan ɓoye ba.

Kwana tara bayan sallah numfashi ya gagare shi da hantsi. Muka kai shi asibiti, ni da Yaya, a bayan motar wani maƙwabci. Likitar nan ce dai. Ta danna ƙafarsa da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba, ta dube ni ta ce, "Me ya ci?" Ban fassara wa kowa tambayar ba. Ya kwana biyu ya cika, da rana tsaka, Yaya na riƙe da hannunsa. Ni na tafi sayo magani.

Ba zan ce naman ne ya kashe shi ba. Likitar ma ba ta ce ba. Zuciyar ta riga ta gaji.

Ranar uku gidan ya cika. Mutanen kara sun zo, dangin Inna na Zongo sun zo, ƙanwar Baba, Goggo, ta iso daga arewa. Ina ratsa tsakar gida da butoci, mata na zaune a tabarmi, sai na ji muryar Goggo, ba ta ko rage ta ba. Ta ce, "Ai tun da na ji an ce wake ake ba shi na san an gama. Mutumin da ya tashi da nama da nono, a ɗaure shi wata biyu a kan waken kafirai, ina jini zai zauna a jikinsa? Allah ya yi wa babban albarka, shi ya ji tausayinsa a ƙarshe, ya tafi da ɗanɗanon nama a bakinsa." Wata ta ce, "Wa ya kawo waken?" Goggo ta ce, "Wa kuwa? Na Ganhi. Ashe ma ba akawu ba ne."

Na tsaya da butocin a hannu. Na dubi matar Yaya. Atamfar nan ce a jikinta, ta ɗinka ta da sallah, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanen. Na dubi Inna. Tana zaune cikin takaba, carbi a hannu, ta ji komai. Ita ta roƙe ni, ita ta lasa ludayin, ita ta ga takalminsa ya shiga. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Ta ja carbinta, ba ta ɗago ba.

Na ajiye butocin a bakin famfo na wuce. Da yamma Yaya ya aiko a ce mini za a yanka sa don sadakar bakwai, tunda ni ne na iya girki, na tsaya a kan masu dafawa. Na tsaya. Na dafa naman da kyau, har mutane na tambaya wa ya yi.

Bayan arba'in na kama ɗaki a Sainte-Rita, kusa da mahaɗar titi, inda ƙarar motoci ba ta barin mutum ya yi dogon tunani. Na ce wa Yaya don ya fi mini sauƙin samun abin hawa ne, ya ce to, bai tambayi komai ba, ko da yake duk mun san Zongo ta fi kusa da Ganhi.

Da Inna ta fita takaba ta zo ganin ɗakin, wata ranar Lahadi da hantsi. Ta zo mini da yaji da kuka a leda. Ta zauna a bakin katifa ta dudduba, ta ce wurin ba laifi, sai dai zafi. Na ba ta ruwa. Muka yi maganar ruwan sama, da ciwon gwiwarta, da wanda ya mutu da wanda ya haihu a unguwa. Da ta fara gyara mayafi za ta tashi, na ce, "Inna, ranar uku kin ji abin da Goggo ta ce."

Ta ce, "Na ji."

Na ce, "Me ya sa ba ki yi magana ba?"

Ta dubi ƙofa. Ta ce, "Idan na ce waken ne ya tashe shi, me na ce game da wanda ya kawo naman? A gaban dangin ubansa, a gaban mutanen kara?"

Na ce, "Sai ni a bar ni da shi."

Ta ce, "Kai kana da aikinka, ga ɗakinka. Shi ne ke riƙe da gidan yanzu. A ƙarƙashinsa nake kwana, hannunsa nake ci. Kai za ka iya ɗauka, shi ya sa."

Ba ta ce na yi haƙuri ba, ni ma ban ce na haƙura ba. Na raka ta bakin titi, na tare mata zemijan, na riƙe mata hannu ta hau a karkace saboda gwiwar, na ce wa mai babur ɗin ya bi a hankali, tsohuwa ce. Suka shiga cikin motoci, na tsaya har na daina hango mayafinta.

Ina zuwa Zongo da sallah da kuma idan an yi rasuwa. Ni da Yaya mukan gaisa, ya tambayi aiki, na tambayi kasuwa. Goggo ta rasu bara, ban je arewa ta'aziyya ba, na ce ba a ba ni hutu ba. Ban nemi hutun ba.